Yadda za ka yi amfani da kwamfuta da waya ka tabbatar ba a danne mata a wajen aikinku

Duk ofishin da ka shiga ka tambayi oga ko ana bambanta mace da namiji a wajensu amsar ɗaya ce, wallahi mu nan ba ma haka, kowa ƙoƙarinsa ne ke kai shi. Kuma yawanci ba ƙarya yake yi ba, har zuciyarsa haka ya ɗauka. Abin da ya sa bai gani ba shi ne shi wannan bambancin ba a rana ɗaya ake yin sa ba, ba a takarda ake rubuta shi ba, a baki ake yi. Wane ya shiga wajen manaja ya nemi ƙari aka ba shi, wance ba ta ma san ana nema ba. An yanke wanda za a tura kwas a hirar da aka yi bayan an tashi, lokacin ita ta riga ta kama hanya. An ce kar a ba ta wancan aikin saboda tana da goyo, kuma babu wanda ya tambaye ta ko za ta iya. To aikin fasahar sadarwa a nan shi ne ta ɗauko abin da ake yi a baki ta mayar da shi rubutacce, wanda za a iya ƙirgawa, a iya komawa a duba, a iya tambayar mutum dalili. Gani ya kori ji. Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan ya tsaya, kuma mafi yawansa ba sai ka sayi wata manhaja mai tsada ba.

Fara da albashi, ka buɗe Excel

Ka karɓi jerin albashin ma'aikata daga akanta ka zuba a Excel ko Google Sheets. Kowane ma'aikaci layi ɗaya, amma kar ka sa suna, ba shi lamba. Sai ka jera a gefe: mace ce ko namiji, matakinsa, sashensa, shekarunsa a aikin, albashin da aka ɗauke shi da shi tun farko, albashinsa na yanzu, alawus-alawus, garaɓasar ƙarshen shekara, da ranar da aka yi masa ƙarin girma na ƙarshe. Kar ka tsallake alawus da garaɓasa fa, domin sau da yawa tushen albashi daidai yake, a alawus ɗin tafiya da kuɗin ƙarin lokaci ne ake barin mata a baya.

Tambaya biyu za ka yi wa wannan teburin, kuma ba ɗaya ba ne. Ta farko, mace da namiji da ke aiki iri ɗaya a mataki ɗaya da shekaru kusan ɗaya, kuɗinsu ɗaya ne? Wannan ba alfarma ba ce, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sa shi a yarjejeniyarta mai lamba 100 tun 1951. Ta biyu ita ce wadda mutane suka fi mantawa: ka jera kowa daga mai albashi mafi tsoka zuwa mafi ƙanƙanta, ka yanka jerin gida huɗu daidai, ka ƙirga mata nawa ne a kowane gida. Za ka iya samun ofishin da babu macen da ake biya ƙasa da abokin aikinta amma gidan sama duk maza ne, gidan ƙasa cike da mata, to nan matsalar ba ta albashi ba ce, ta ƙarin girma ce, kuma maganinta daban. Wannan yankan gida huɗun yana cikin abin da dokar Birtaniya ta wajabta tun 2017 a kan duk kamfani mai ma'aikata 250 zuwa sama, su lissafa duk shekara su sa a shafin gwamnati kowa ya gani.

Wajen kwatantawa kar ka tsaya a haɗa kuɗi ka raba da yawan mutane kawai, zai iya ruɗa ka. Misali mata biyar ne, albashinsu 50, 50, 55, 60 da 400 saboda ɗaya darakta ce. In ka haɗa ka raba biyar za ka samu 123, ka ce ai mata na shan daɗi, alhali huɗu daga cikinsu ko rabin haka ba sa samu. Ɗauki na tsakiyar jeri, wato 55, shi ne ya fi faɗa maka gaskiya. Excel na da MEDIAN da ke fitar maka da shi nan take. In ma'aikatanku na da yawa, gwamnatin Suwizalan ta yi wata manhaja mai suna Logib kyauta a intanet, wadda ke cire tasirin ilimi da shekarun aiki da matsayi ta nuna maka giɓin da ya rage wanda babu abin da zai bayyana shi sai jinsi.

Abu biyu game da fayil ɗin nan. Ka sa masa lambar sirri, mutum biyu ko uku kawai su iya buɗewa, kar ya yi yawo a WhatsApp. Sannan in za ka nuna wa ma'aikata sakamako, duk rukunin da mutanensa ba su kai biyar ba ka haɗe shi da wani, in ba haka ba kowa zai gane albashin wance ne aka baje.

Kuma ba sau ɗaya ake yi a rufe ba. Kamfanin Salesforce a Amurka misali ne mai kyau, shugabansa Marc Benioff da kansa ya ce da farko bai yarda akwai giɓi a wajensu ba, da aka bincika a 2015 sai da suka kashe kusan dala miliyan 3 wajen daidaitawa, a 2017 suka sake dubawa suka sake kashe kusan haka, saboda sun sayi wasu kamfanoni sun gaji bambancin da ke cikinsu. Sa wa kanka wata ɗaya a kalanda duk shekara, zai fi kyau ya zama kafin a yi ƙarin albashi ba bayan an yi ba.

Ɗaukar ma'aikata

Ka daina karɓar takardun neman aiki ta hannu ko ta waya wajen wanda ya san wani. Yi fom ɗaya a Google Forms ko makamancinsa, kowa ta nan zai shigo, a sa sanarwar inda kowa zai gani, a rubuta iyakar albashin a ciki daga kaza zuwa kaza. Cire wajen hoto, cire tambayar aure da yawan 'ya'ya, cire tambayar nawa ake biyanka a inda ka baro, domin in an danne mace a wancan wajen kai kuma ka ɗora a kan wannan adadin to ka ɗauko zaluncin wani ka ci gaba da shi. In tallar aikin za ka biya a sa a Facebook ko wani dandali, duba saitin da kyau kar a zaɓi maza kawai su gani. Wannan ya faru sosai har a 2019 Facebook ya amince ya hana masu tallar aiki a Amurka zaɓen jinsi da shekaru.

Ɓoye suna kafin a tantance yana da amfani, amma kar ka ɗauke shi kamar shi ne komai. A 2017 gwamnatin Ostireliya ta gwada da ma'aikatanta sama da 2,000, sai aka ga ɓoye sunan ya ɗan rage wa mata damar shiga jerin waɗanda za a kira, saboda ashe masu tantancewar dama suna ɗan kula da su. Darasin shi ne ka gwada a wajenka ka ƙirga: mata nawa suka nema, nawa aka kira intabiyu, nawa aka ɗauka, nawa suka karɓa. Inda adadin ya faɗi, nan ciwon yake.

A ganina intabiyun ne ya fi buƙatar gyara. A rubuta tambayoyi tun kafin a ga kowa, a yi wa kowa iri ɗaya, kowane mai intabiyu ya sa makinsa a fom a wayarsa ya tura kafin a fara tattaunawa. Wannan kafin ɗin shi ne sirrin, domin da zarar babba a ɗakin ya ce ni dai yaron nan ya burge ni, sauran makin duk sun bi shi.

Yanzu kuma ga masu tallar ƙirƙirarriyar basira da ke cewa za ta tace maka takardu dubu cikin minti ɗaya babu son kai. Yi hattara. Amazon sun fara gina irin wannan a 2014, suka koya mata da takardun neman aikin da suka samu cikin shekara goma, waɗanda yawancinsu na maza ne, sai ta koyi rage maki ga takardar da aka ambaci wata ƙungiyar mata, har da waɗanda suka gama wasu kwalejoji biyu na mata zalla, daga ƙarshe suka watsar da ita, Reuters ta ba da labarin a 2018. Ita wannan basirar kamar yaro ce, abin da ta tashi ta ga ana yi a gidan shi za ta yi. In dole sai ka yi amfani da ita, ka tambayi mai sayarwa da wane bayani aka koyar da ita, wa ya bincike ta daga waje, sannan ka yi gwajinka: takarda ɗaya, ka canza sunan daga na namiji zuwa na mace ka ga ko makin ya motsa. Kuma kar ta zama ita ke yanke hukuncin ƙarshe.

Aikin da ba sai wane yana nan ba

Nan ne nake ganin fasaha ta fi yin aiki, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Claudia Goldin, wadda ta ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2023, ta nuna cewa babban abin da ke buɗe giɓin albashi shi ne ayyukan da ke biyan mutum ninki saboda kullum yana nan, dare da rana, duk lokacin da aka kira. Kafin haihuwa mace da namiji suna tafiya kusan kafaɗa da kafaɗa, daga ɗan fari sai hanya ta rabu, saboda wani a gidan dole ya zama wanda za a samu in yaro ba lafiya, kuma yawanci uwar ce. Sai ita da Lawrence Katz suka duba masu harhaɗa magani a Amurka, sana'ar da giɓin ya yi ƙasa sosai, kuma cikin dalilan da suka samu akwai kwamfuta: tarihin magungunan kowane majiyyaci na cikin na'ura, duk wanda ke bakin aiki zai buɗe ya ci gaba, ba sai wanda ya san majiyyacin ba. Don haka wadda ta yi awa 30 a sati ana biyanta kusan daidai kuɗin awa ɗaya da wanda ya yi 50, ba a hukunta ta don ta rage lokaci.

To ka tambayi kanka, a ofishinku ina bayanin aiki yake zaune? In yana cikin kan mutum ɗaya da wayarsa, to duk wanda ya yi sati biyu ba ya nan ya zama baƙo. Ka mayar da shi waje ɗaya da kowa a sashen zai iya buɗewa, Google Drive ne ko Trello ko ma shafin Excel ɗaya: wane kwastoma, me aka yi masa alkawari, ina aka tsaya, me ya rage, wa ke riƙe da shi. Duk kwastoma babba a ba shi mutum biyu da suka san zancensa. Ka duba yadda abin yake ga wadda ta tafi hutun haihuwa. A ofishin da babu wannan tsarin, ranar da ta dawo za ta tarar an rufe imel ɗinta, an cire ta daga guruf, kwastomominta an raba wa wasu kuma babu takardar da ta ce aro aka ba su, ta zauna a teburinta tana tambayar na kusa da ita me ake ciki, wata uku tana neman inda za ta sa ƙafa, ƙarshen shekara a ce ba ta yi ƙoƙari ba. A ofishin da akwai tsarin kuwa kafin ta tafi an rubuta wa ya riƙe me zuwa wace rana, akawun ɗinta na nan a buɗe, sanarwar gurbin ƙarin girma na shigo mata ko tana gida, ranar da ta dawo ta buɗe ta karanta ta ɗora. Ba a ce a riƙa kiranta tana hutu ba, hutu hutu ne, ƙofa ce kawai ba a rufe ba.

Aiki daga gida yana taimakawa amma yana da tarko. Masanin tattalin arziki Nicholas Bloom da abokansa sun yi gwaji biyu a wani kamfanin tafiye-tafiye na ƙasar Sin. A na farko da aka buga a 2015, masu amsa waya da ke yin kwana huɗu a gida aikinsu ya ƙaru da kashi 13 cikin ɗari, amma damarsu ta ƙarin girma ta ragu da kusan rabi in aka kwatanta da mai ƙoƙari irin nasu a ofis, saboda oga ba ya ganinsu. A na biyu da aka buga a 2024, ma'aikata 1,612 a wannan kamfanin, wato Trip.com, kwana biyu kawai a gida uku a ofis, barin aiki ya ragu da kashi ɗaya cikin uku, abin ya fi fitowa a wajen mata da masu doguwar tafiya, kuma ƙarin girma bai taɓu ba. Don haka kar ka mayar da aiki daga gida wata alfarma ta masu goyo, in ka yi haka ka sa musu alama. A ba kowa, manajoji maza su ma su yi, a tsayar da ranakun da kowa zai haɗu. Kuma ofis ya ba da kwamfuta da data, kar a ɗauka kowa na da su, har yanzu a ƙasashe masu tasowa mata sun fi maza rashin waya mai intanet kamar yadda rahoton GSMA, ƙungiyar kamfanonin layin waya ta duniya, ke nunawa duk shekara.

Sai maganar saƙon dare. Guruf ɗin ofis da ake yanke shawara ƙarfe goma sha ɗaya na dare yana ba wanda ba shi da kowa a wuyansa fifiko ne kawai. Ku tsayar da awannin da ake mitin da yanke hukunci a cikin lokacin aiki, in tunani ya zo maka da dare rubuta imel ɗin ka saita shi ya tafi da safe, Gmail da Outlook duk suna yi. Faransa ma doka ta yi, wadda ta fara aiki a 2017, cewa kamfani mai ma'aikata 50 zuwa sama ya zauna da su a kan haƙƙin kashe waya bayan aiki.

Rubuta bayanan mitin, shirya walimar sallama, koya wa sabon ma'aikaci hanya, ayyuka ne masu cin lokaci da ba sa kai mutum gaba, kuma binciken Linda Babcock da abokanta na 2017 ya nuna mata aka fi nema su yi, su ne kuma suka fi cewa to. Yi jadawali a kalandar ofis, a riƙa zagayawa kowa ya taɓa, shi kenan.

Wajen auna ƙoƙari kuma fom ɗin ya tilasta wa manaja kawo misali, ba ya rubuta tana da kirki ko ba ta da sakin fuska ba, ya rubuta me ta yi, yaushe, me ya haifar. Har tsarin makin ma yana tasiri: a wata jami'a a Arewacin Amurka da aka canza ma'aunin makin da ɗalibai ke ba malamai, mafi girman maki ya koma 6 maimakon 10, giɓin da ke tsakanin maza da mata a fannonin da maza suka fi yawa ya kusan ɓacewa, Lauren Rivera da András Tilcsik suka buga wannan a 2019. Abin da kawai zan roƙa shi ne kar a koma manhajar leƙen asiri mai ƙirga motsin linzamin kwamfuta da awannin da mutum ya yi a kunne, wannan zaman kujera take aunawa ba aiki ba, kuma wadda ta tashi ɗauko yaro ta dawo ta ƙarasa aikinta da kyau ita za ta fara kamawa.

In kana da masu aikin yini ko na kwantiragi, ka biya kowace mace a asusun da ke ɗauke da sunanta, na banki ko na waya, ba ta hannun wani ba. A jihar Madhya Pradesh ta Indiya an gwada haka a shirin ayyukan gwamnati, matan da aka riƙa zuba wa kuɗinsu a asusunsu aka kuma koya musu amfani da shi sun ƙara fita aiki, har a wajen 'yan kasuwa masu zaman kansu.

Kai ƙara a kan cin zarafi

Wannan yana buƙatar kulawa ta musamman domin kuskure a nan yana iya jawo wa mace rasa aikinta. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 190 ta 2019 ta fito fili cewa cin zarafin da aka yi ta waya ko saƙon da ya shafi aiki shi ma cin zarafi ne a wajen aiki, don haka wanda ya ɗauki lambar abokiyar aiki daga guruf yana turo mata abin da ba ta nema ba da tsakar dare ba zai ce ai ba a ofis ba ne. Hanyar kai ƙarar kar ta bi ta kan ogan mutum, domin sau da yawa shi ne ake ƙara. A yi fom ko adireshin imel na daban da ke zuwa wajen mutum biyu a lokaci ɗaya, aƙalla ɗaya mace, ɗaya kuma in da hali daga wajen ofishin, yadda babu mai iya gogewa shi kaɗai. Ka tabbatar fom ɗin ba ya ɗaukar imel ɗin mai cikewa in ta zaɓi ɓoye kanta, a Google Forms saiti ne guda ɗaya kuma mutane na mantawa da shi, sannan ka san su waye a sashen kwamfuta ke iya ganin abin da ya shigo. A ba kowane ƙorafi lamba, a faɗi kwana nawa za a yi kafin a amsa, a kuma duba ko sunan mutum ɗaya na maimaituwa daga mata daban-daban. Bayan wata shida a koma a duba makin wadda ta kai ƙarar da inda aka tura ta, domin ramuwar gayya a nan take ɓuya.

Ke kuma da kike karanta wannan ba ke ce mai ofis ba, akwai abin da za ki fara yau ba sai kin jira kowa ba. Ki buɗe fayil a wayarki ko a imel ɗinki na kanki, ba na ofis ba domin ranar da aka rufe shi komai ya tafi, duk ƙarshen sati ki rubuta abin da kika kammala da adadinsa da wanda ya shaida, ba tare da kin kwashi sirrin kamfani ko na kwastoma ba. In oga ya yi miki alkawarin ƙari ko kwas a baki, ki koma teburinki ki tura masa gajeren imel cikin ladabi, ranka ya daɗe na gode da zaman da muka yi yau, na fahimci an amince da kaza daga wata kaza, in na yi kuskure a gyara min. In saƙon banza ne ya shigo kar ki goge don ɓacin rai, ki ɗauki hoton fuskar wayar yadda lamba da rana da lokaci za su fito, ki tura kwafi wani wajen da ke kaɗai ke da lambar sirrinsa, sannan ki nemi sanin abin da dokar ƙwadago ta ƙasarki ta tanada da wa'adin da ta bayar na kai ƙara, domin wasu ƙasashen watanni kaɗan suke bayarwa.